Wasan buɗe darasin Turanci ga 'yan aji ɗaya: wanne ke tara hankalin yara, wanne ke watsa shi?

Sabuwar Malama (Zango, Agege):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena malamai. Shawara nake nema. A wannan zangon aka ba ni 'yan aji ɗaya a wata makarantar kuɗi a nan Agege. Yaran sun haura 40, kuma a jadawali an sa mini Turanci daidai bayan an dawo daga tara. Kun san yadda suke shigowa a wannan lokacin, gumi sharkaf, wannan na tsotson ledar fiya wata, wancan na kuka an ƙwace masa biskit, biyu na ƙarasa faɗan da suka faro a fili. Darasin minti 35 ne, kafin su zauna su dube ni kusan rabinsa ya tafi. Ga mu kuma a bakin layin dogo, da jirgi ya yi ham sai su ruga taga.

A kwaleji an ce mana a buɗe darasi da ɗan wasa. Na gwada wanda ake kewaye ana gudu, in an kira lamba su haɗu rukuni-rukuni, sai ajin ya ƙara hargitsewa. Don Allah wane wasa kuke yi da ke sa yara su natsu, kuma ya zama akwai Turanci a cikinsa?

Maman 'Yan Biyu (Obalende):
Wa alaikumus salam. Ina nan ina jiran amsa ni ma, don nawa guda biyu kawai sun ishe ni, balle 40. Allah ya ƙara miki haƙuri Malama.

Hajiya Hedimistires (Idi-Araba):
Wa alaikumus salam 'yata. Wasan da kika gwada ba shi da laifi, amma na fili ne, kuma na safiya ne. Yaron da ya dawo daga tara jikinsa ya riga ya ɗau zafi, in kika ƙara masa gudu kin ƙara wa kanki aiki. Abin da bai dawo aji ba kunnensa ne. Saboda haka wasan da za ki nema shi ne wanda ba a cinsa sai da saurare.

Kuma ba sai kin je nesa ba. Kin tuna jini-jini? Jagora ya ce "jini-jini", a ce "ja". Akuya? Ja. Kaza? Ja. Rago? Ja. Sai ya jefa "turmi", duk wanda bakinsa ya zarce ya ce ja, ya faɗa. A dandali duka ake rufe shi da shi, wannan kam mu bar shi a dandalin. Amma dubi ginin wasan da kyau: yaro na son ya amsa da sauri, kuma dole ya taka wa kansa birki ya ji abin da aka ce tukuna. Wannan birkin shi ne natsuwar da kike nema.

Ga yadda nake sa malamaina su yi. Ki tsaya a gaban allo, kada ki ce kowa ya yi shiru, don in kika fara da haka kin shiga jayayya da su. Ki ce "goat" ki tafa sau ɗaya. "Hen", tafi. "Cow", tafi. 'Yan gaba za su kama, na baya su ga ana wani abu babu su, su juyo. Sai ki ce "table" ki naɗe hannu a ƙirji. Za a samu masu tafawa, a yi dariya, ke ma ki yi. Ki ci gaba, kina sauri kina sassautawa. Abin da ya fi muhimmanci yana ƙarshe: ki riƙa rage murya kaɗan-kaɗan har ki koma raɗa, tafin ma ya koma da yatsa biyu a tafin hannu. Za ki ga sun miƙo wuya suna kallon bakinki. A nan ne za ki ce su ciro littafi, da wannan raɗar dai. Minti uku, in ya yi yawa huɗu.

Kalmomin kuma na jiya za ki ɗauko, kada ki sa sababbi. In jiya abinci kuka yi, yau wasan ya zama abin da ake ci da wanda ba a ci: rice, bread, egg, sai ki jefa chalk.

Sabuwar Malama (Zango, Agege):
Kai Mama, Allah ya saka da alheri. Wallahi jini-jini ko a raina bai zo ba.

Baban Khalifa (Mile 12):
Hajiya ki gafarce ni, ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, amma ina da ta cewa tunda mu ke biyan kuɗin. Kullum yarona ya dawo in na ce me aka koya muku sai ya ce an yi wasa, an yi waƙa. Kuɗin makaranta a garin nan kun san yadda yake, ga na littafi, ga na mota. In wasa ne ai akwai shi kyauta a ƙofar gida. Mu da muka yi firamare a Arewa malami na shigowa ko tari ba ka isa ka yi ba, kuma mun koya. Yanzu an ce kada a taɓa yaro, an ce a yi masa tafi. Anya ba lalaci ba ne aka yi wa ado?

Maman 'Yan Biyu (Obalende):
Alhaji, tsakaninka da Allah, shirun da kuke yi a lokacin fahimta ce ko tsoron dorina?

Baban Khalifa (Mile 12):
Ko ma mene ne Hajiya, ga shi ina rubuta rasit da Turanci.

Malam Ɗan Kwaleji (Ojo):
Ranka ya daɗe Alhaji, ƙorafinka yana da tushe, don akwai makarantun da waƙa ta cinye darasin gaba ɗaya, malama ta kunna sifika ta koma danna waya. Wannan ba shi Hajiya ke nufi ba. Minti uku ta ce cikin 35, ita kuwa Malama cewa ta yi rabin darasin ke tafiya wajen "ku yi shiru, ku zauna". Kai ɗan kasuwa ne, lissafa ka gani.

Kuma abin yana da asali a ilimin koyar da harshe. Wani malamin jami'a a Amurka, James Asher na Jami'ar San José State da ke Kalifoniya, shi ya fito da hanyar da ake kira TPR (Total Physical Response, wato amsawa da motsin jiki) a shekarun 1960. Abin da ya lura da shi kowace uwa ta san shi: jariri yana jin "kawo", "zo nan", "ajiye", yana aikatawa da jikinsa tun kafin bakinsa ya buɗe. Sai ya ce a koyar da baƙon harshe haka, malami ya ba da umarni, ɗalibi ya amsa da jiki, kada a matsa masa ya yi magana sai ya shirya. Wasan da Turawa ke kira Simon says a kan wannan turbar yake. Ni na mai da shi "Teacher says". In na ce "Teacher says touch your nose" sai a taɓa hanci, in na ce "touch your nose" kawai ban sa sunan malami ba, wanda ya taɓa ya faɗa tarko. Ɗan'uwan jini-jini ne sak. Wanda ya faɗi sai ya zauna, har a samu gwani guda, a tafa masa.

Hajiya Hedimistires (Idi-Araba):
Malam, duk na yarda da kai sai wannan jimlar ta ƙarshe. Kada a fitar da kowa. Ka lura da waɗanda ke fara faɗuwa: su ne masu raunin Turancin, wato waɗanda aka shirya wasan dominsu. Cikin minti ɗaya sun zauna, sauran wasan ya zama na 'ya'yan da ake musu Turanci a gida. Su kuma da suka zauna me za su yi? Tsokana. Ka koma inda ka fito.

Malam Ɗan Kwaleji (Ojo):
To Hajiya, in babu faɗuwa ina daɗin wasan? Yara gasa suke so. In ya san ko ya yi kuskure babu abin da zai same shi, ba zai kasa kunne ba.

Hajiya Hedimistires (Idi-Araba):
Akwai gasa mana, da ni za su yi ta. Ina ja layi a gefen allo, gefe ɗaya aji, gefe ɗaya malama. In na jefa tarko kowa ya tsallake, maki nasu. In na kama ko mutum ɗaya, maki nawa. Ka zo ka ga yadda suke jan hannun juna, "kar ka tafa, kar ka tafa!" Babu abin da ke wa ɗan shekara shida daɗi kamar ya ci malamarsa. Kuma ina barin su su ci sau da yawa, ina ɓata fuska ina cewa gobe zan rama.

Malamar Gwamnati (Mushin):
Ni ina tsakiyarku. Layi da layi nake haɗawa, amma na ga illarsa: akwai yaron da in ya jawo wa layinsu faɗuwa sai an tare shi a waje. Tun daga nan na daina nuna wanda ya yi kuskuren, sai in ce "na ji tafi daga wannan ɓangaren" kawai.

Wani abin da nake so a duba shi ne ajinmu na Legas ba irin na Kano ba ne. A nawa akwai Yarabawa, akwai Ibo, akwai namu, akwai 'yan Egun. In na ce jini-jini namu kaɗai za su gane. Amma da na gwada irin wannan wasan ban yi bayani da kowane harshe ba, nunawa na yi sau uku, kowa ya kama. Mu a makarantun jiha tun da aka kawo shirin koyarwa na EKOEXCEL a 2019 darasin a cikin kwamfutar hannu yake zuwa, a tsare, lokaci a ƙididdige, ba ka da sararin dogon wasa. Shi ya sa na fi son wanda ba ya bukatar a matsar da benci ko a raba kaya.

Sabuwar Malama (Zango, Agege):
Anti, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mu a wurinmu an hana Hausa a harabar makaranta, yaron da aka kama ana rubuta sunansa. Yara kuwa kusan duk namu ne. In na ce musu "yau jini-jini za mu yi da Turanci" na karya doka ke nan?

Malam Ɗan Kwaleji (Ojo):
Dokar makarantarku kam kin karya, amma ilimi yana bayanki. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin shekara shida a Ife, inda aka koyar da yara darussa da Yarabanci, Turanci kuma aka ba shi matsayin darasi mai zaman kansa, kuma yaran ba su gaza a Turancin ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta yi maganar fara karatu da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Ita kanta jihar Legas a 2018 ta yi dokar da ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu. To don me jimla ɗaya ta Hausa za ta zama laifi?

Baban Khalifa (Mile 12):
A nan kuma ina tare da mai makarantar. Hausa ai muna yi masa a gida, a masallaci, a Islamiyya. Turancin muka kai shi ya koyo. Yaron da zai zauna a Ikko in bai iya Turanci ba ko asibiti ya je sai an nemo masa tafinta.

Hajiya Hedimistires (Idi-Araba):
'Yata, kada ki ja da mai makaranta a kan wannan, aikinki sabo ne. Ki yi yadda ƙanwata ta Mushin ta ce, ki nuna da jiki. Za ki ji wani daga baya ya ce "lah, jini-jini ne!" Shi ke nan ya yi miki bayanin, ke kuma ba ki ce komai ba. In ya so daga baya, in mai makarantar ya ga ajin ya natsu, sai ki kawo masa maganar Fafunwa a tsanake.

Alhaji kuma, ba gardama nake da kai ba a kan muhimmancin Turanci. Amma rubuta sunan yaro don ya yi harshen uwarsa bai taɓa koya wa kowa Turanci ba, bebe yake mai da shi a aji.

Ustaz (Alaba Rago):
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa. Game da ko wasa ɓata lokaci ne, ya tabbata a Bukhari cewa Abdullahi ɗan Mas'ud ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zaɓar musu lokutan wa'azi don gudun kada su ƙosa. Sahabbai ke nan, manya, balle ɗan shekara shida. Don haka ni ban ga aibu ba. Abin da zan roƙa biyu ne. Wasannin da ake riƙe hannu ko ake rungumar juna, a ware maza da mata ko da ƙanana ne, su tashi da sabo. Sannan a duba waƙoƙin da ake ɗaukowa daga waya, malamai da yawa ba sa sauraren abin da ke ciki kafin su kunna.

Kuma ku tuna yaranmu ba boko kaɗai suke yi ba. Wani ya yi allo bayan asuba, ya zo wurinku, da la'asar yana wurinmu. In ya yi gyangyaɗi ba iskanci ba ne.

Maman 'Yan Biyu (Obalende):
Allah ya gafarta Malam, wannan gaskiya ne. Ga cunkoson hanya. Akwai maƙwabciyata da ke tada nata tun kafin kiran sallar fari don motar makaranta ta riga gosulo. Yaron a mota yake karyawa, in ma ya karya.

Malamar Gwamnati (Mushin):
Shi ya sa na safe daban yake da na bayan tara, kamar yadda Hajiya ta fara faɗi. In Turanci ya faɗo a darasin farko, ko ranar da zafi ya yi yawa babu wuta fanka ta tsaya, tayar da su nake. Stand up, stretch, turn around, jump, a nan inda suke tsaye a bayan benci. Amma ko shi da saukowa nake ƙarewa: sit down slowly, hands on the desk, close your eyes, sai in ƙirga biyar a hankali. Duk wasan da aka yanke shi yana tsakiyar tashe, sai ka yi wani aikin kafin ka kwantar da su.

Maganar jirgi kuma Malama, ba za ki iya da shi ba, ki mai da shi naki. Tun da jirgin Red Line ya fara zirga-zirga tsakanin Agbado da Oyingbo, ga na Ibadan, duk makarantun da ke bakin layin haka suke fama. Wata abokiyar aikina ta sa wa yaranta doka: da an ji ham kowa ya daskare yadda yake, ko hannunsa na sama ne, ba motsi sai ƙarar ta wuce, sannan ta tambaya "What was that?" su ce "A train!" Da ma ba a jin magana a wannan lokacin, babu abin da aka rasa. Ku da ke kusa da filin jirgin sama na Ikeja kuna da na biyu ma, a plane.

Sabuwar Malama (Zango, Agege):
Hahaha, wannan kam za su so shi. Akwai wani ɗan ƙiriniya da na san da gangan zai daskare da ƙafa ɗaya a sama.

Hajiya Hedimistires (Idi-Araba):
Shi za ki fara ba jagorancin wasan in sun iya. Irinsu in ba ki ba su aiki ba su za su ba ki.

Bari in faɗi dalilin da ya sa na riƙe wannan wasan da hannu biyu. Kowace shekara muna karɓar yaran da aka kawo daga gida a tsakiyar zango, daga Zamfara, Katsina, Sakkwato, Borno, wasu rashin tsaro ne ya taso iyayensu. Akwai wata yarinya da aka kawo mana, ta kai shekara tara amma dole aka sa ta aji biyu, ta fi kowa tsawo, tana zama can ƙarshen benci ta ja hijabi har goshi. Ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai. In da karatu ake a bi layi ɗaya bayan ɗaya, da kullum sai ta ji kunya a gaban ƙannen bayanta. A wasan kuwa babu mai kallonta. Da farko hannun na kusa da ita take kallo, in ya tafa ta tafa, tana makara kaɗan. Sannu a hankali makarar ta ragu. Wata rana malamar ta jero cow, goat, hen, ta jefa stone, na kusa da ita ya ɗaga hannu zai tafa, sai ta cafke masa hannu ta ce "No!" da ƙarfi har ita kanta ta firgita. Kalmarta ta farko ke nan a ajin. Ina tsaye a bakin ƙofa lokacin.

Ustaz (Alaba Rago):
Allahu akbar. Allah ya zaunar mana da yankunanmu lafiya.

Baban Khalifa (Mile 12):
Amin. To Hajiya na ji wannan. Amma har yanzu tafi ne da "no". Yaushe za a kai ga karatu da rubutu? Jarrabawa ba a tafa mata.

Malam Ɗan Kwaleji (Ojo):
Alhaji, ana iya ɗaure wasan da karatun kai tsaye. Makarantu da yawa a ƙasar nan suna amfani da tsarin koyar da karatu na Jolly Phonics, mai sautuka 42, kowane sauti da motsinsa. Rukunin farko s, a, t, i, p, n ne. A sautin s ana karkaɗa hannu kamar tafiyar maciji, a sautin a kuma yatsu na hawa damtse kamar tururuwa. In yara sun san motsin, buɗe darasi ya zo da sauƙi: ka yi motsin ba murya su faɗi sautin, ko ka ɗaga katin harafin su yi motsin. Daga nan ka yi uku a jere, p, i, n, su haɗa su ce pin. Karatu ke nan, ba wani abu ba.

Kuma a nan ne nake gyara matsalarmu ta gado. Hausa ba ta raba p da f, shi ya sa fan da pan ke zame mana abu ɗaya, haka v ke komawa b. Nakan raba musu 'yar takarda kowa ya riƙe a gaban leɓe. In ka ce pan daidai takardar za ta yi tsalle, in fan ne haƙoran sama na kan leɓen ƙasa, iskar a hankali take fita. Sai in ce bangon dama na p ne, na hagu na f. Pin, fin, pull, full, su nuna da yatsa. Nunawa fa, ba gudu ba, kafin Hajiya ta kama ni.

Malamar Gwamnati (Mushin):
Takardar nan Malam, a aji mai yara 40 bayan tara? Cikin minti ɗaya ta zama jirgin sama. Ni tafin hannu nake sa su sa a gaban baki su ji iskar.

Kuma na lura yaranmu haifaffun nan ba su cika samun matsalar p da f ba, don da buroka suka tashi a layi. Tasu matsalar ita ce burokar ce ke shigowa cikin Turancin. Ka tambayi yaro ina littafinsa ya ce "e dey house". Masu zuwa daga gida su ne na p da f.

Akwai kuma inda namu suka fi. Wasan he da she: in nuna yaro a ce he, in nuna yarinya a ce she, in nuna kujera a ce it, da sauri. 'Ya'yan Yarabawa suna rikicewa saboda a harshensu lamiri ɗaya ne ga namiji da mace. Namu kuwa da shi da ita suka tashi, nan da nan suke kamawa. Sai dai a kan kujera wani zai ce she, tunda a wurinmu mace ce.

Maman 'Yan Biyu (Obalende):
Wallahi haka nawa suke, mota ma she suke ce mata. Ashe da dalili.

Shugaban Zaure:
'Yan'uwa, na goge tallar atamfa da aka sa a tsakiyar maganar nan. Mai ita ta bari sai ranar Asabar. A ci gaba.

Sabuwar Malama (Zango, Agege):
Tambaya ta ƙarshe don Allah. Kullum sabon wasa zan kawo ko in tsaya a kan ɗaya? Sannan ina tunanin sayen alewa in riƙa ba wanda ya fi ƙoƙari.

Hajiya Hedimistires (Idi-Araba):
Alewa a'a. Albashin naki nawa ne? Kuma ranar da babu ita babu wasa, ga kukan waɗanda ba su samu ba. Makin allo ya isa.

Wasa kuma uku ko huɗu sun ishe ki zango guda. Kalmomin za ki riƙa sauyawa, dokar wasan ta zauna yadda take. Duk sabon wasa sai kin kashe lokaci wajen koya shi, su kuwa yara ba sa gajiya da abin da suka iya, mu manya ne ke gajiya. In kin ga sun fara yi ba tare da sun kasa kunne ba, ki juya dokar: yau marar jini ake tafa wa. Za ki ga sun dawo sabbi.

Ki rubuta shi a lesin not ɗinki ma, a wurin gabatarwa, tare da kalmomin da za ki yi amfani da su. In mai duba aiki ya shigo ya tarar ana tafi, takarda ce za ta yi miki magana.

Baban Khalifa (Mile 12):
Ni dai zan gwada shi yau da dare. Zan ce masa tomato, pepper, onion, in jefa basket in gani. In ya tafa wa kwando, gobe ina ofishin hedimasta.

Malam Ɗan Kwaleji (Ojo):
Ka fara gaya masa dokar tukuna Alhaji, abin da ake ci ake tafa wa. Kada a je a kama hedimasta da laifin da ba nasa ba.

Malamar Gwamnati (Mushin):
Malam, tunda kana nan, kana da wani wasa na th? Three da tree sun gagare ni, duk ajin, har da ni wani lokacin.

Malam Ɗan Kwaleji (Ojo):
Akwai na fito da harshe tsakanin haƙora, yatsa a gaban baki, in harshen ya taɓa yatsa an yi daidai. Amma Anti ki sani da kin ba 'yan aji ɗaya izinin fito da harshe, gwalo za a yi ta yi har a tashi. Ni sai aji uku nake taɓa shi.